Masu Auna Gona da Masu Rubuta Rahoto: Ɗalibin Kimiyya a Hannun Manyan Kamfanonin Ba da Shawara

Idan damina ta ja baya, masara ta bushe a kara, auduga kuma ta fara fashewa, wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara, ko ya karkata zuwa Ƙanƙara, ko ya ɗauki ta Ɗandume zuwa Sabuwa, yakan ci karo da wasu samari da 'yan mata bibbiyu ko uku-uku, kowa da jaka a baya da 'yar kwamfutar hannu. Ba malaman gona ba ne, ba kuma ma'aikatan ƙidaya ba ne. Za a gan su a ƙofar mai unguwa suna neman izini, sa'an nan su zauna a zaure suna yi wa magidanci tambayoyi: buhu nawa ya samu bara, taki nawa ya zuba, sau nawa iyalinsa suka ci nama a mako. Wasu kuma suna ɗibar ƙasa a leda, ko ruwan rijiya a kwalba. In aka bincika, da yawa daga cikinsu ilmin halittu suka karanta a jami'a, ko ilmin tsirrai, ko na ƙananan ƙwayoyin halitta. Wanda ya turo su kuwa wani kamfani ne na ba da shawara, wanda ofishinsa ke Abuja ko Legas, uwar kamfanin kuma tana can Ingila ko Amurka ko Holan.

Irin wannan kamfani ba ya ƙera kome, ba ya noma kome. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin ma'aikatansa da saninsu. Gwamnati, ko Bankin Duniya, ko mai son kafa masana'anta, sai ya kawo masa matsala. Shi kuma ya tura mutane su bincika, su rubuta rahoto, a biya shi gwargwadon kwanakin da ya ce mutanensa sun yi. Abin mamaki, daga ɗakin gwaji sana'ar ta faro. Arthur D. Little, wanda ya kafa ɗaya daga cikin kamfanoni na farko a birnin Boston a 1886, masanin haɗa sinadarai ne. James McKinsey, wanda ya kafa nasa a 1926, malamin lissafin kuɗi ne a Jami'ar Shikago. Watau tun asali sana'a ce ta malaman da suka fita daga aji suka kai iliminsu kasuwa. Yau kuwa Deloitte da PwC da KPMG da EY duk suna da manyan ofisoshi a Legas, kuma samun gurbi a cikinsu na daga cikin manyan burin yaran da suka fito da sakamako mai kyau, ko da kuwa kifi ko ƙwaro suka karanta.

Mutanen kudancin Katsina ba baƙi ba ne ga ƙwararrun haya. Tun a shekarun 1920 Turawan mulki suka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Amma babban abin da ya bar tabo shi ne Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda ya gudana daga 1975 zuwa 1980 da rancen dala miliyan 29 daga Bankin Duniya. Shi da na Gusau da na Gwambe su ne ukun farko a Nijeriya. Ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, faɗin ƙasa kimanin murabba'in kilomita 7,500. An gina hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri. Manyan muƙamai yawancinsu a hannun ƙwararrun ƙasashen waje suke; 'yan ƙasa kuwa su ne malaman gona da masu tattara bayanai, waɗanda aka zaunar a ƙauyuka suna bin gidajen da aka zaɓa suna rubuta abin da aka shuka da abin da aka girbe, a aika da alƙaluman zuwa sashen sa ido da auna shirye-shiryen da ke Kaduna.

Wannan rabon aiki bai yi wa kowa daɗi ba. Da aka zo batun faɗaɗa shirin ya game tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda ya hau mulki a 1979, ya ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin, musamman sharaɗin cewa baƙi ne za su riƙe manyan kujeru da albashi mai tsoka. An tsige shi a watan Yunin 1981, shirin jihar kuma sai daga baya ya kankama. Ko mutum yana tare da siyasar marigayin ko ba ya tare da ita, tambayar da ya ɗora tana nan ba a amsa ta ba: wa ya san gonar, wa kuma ake biya saboda saninta?

Ya kamata a yi wa shirin Funtuwa adalci. Masarar da ta cika kasuwannin Ɗandume da Funtuwa da Sheme a yau, wadda ta mai da yankin rumbun Arewa, tana da nasaba da irin TZB na cibiyar IITA ta Ibadan da takin da shirin ya yaɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai wurin da ƙwararrun suka yi tuntuɓe, kuma wurin yana da darasi ga mai ilmin halittu. Shawarar da aka riƙa bai wa manomi ita ce ya shuka amfani ɗaya tak a gona, dawa ita kaɗai, auduga ita kaɗai, bisa layi da tazara da aka gwada a gonar gwaji. Yawancin manoma sun karɓi takin, sun yi godiya, suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa yadda suka gada. An ɗauki wannan taurin kai ne. Alhali kuwa tun kafin a fara shirin, binciken da David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka yi a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa haɗa shuka ya fi kawo riba a kowace kadada, ya kuma fi tsare manomi daga asara in ruwa ya yi gardama.

Akwai ma wani dalili da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma ke kira Striga hermonthica, tsiro ne da ke manne wa saiwar dawa da gero da masara yana tsotse su. Tushe ɗaya yakan zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ƙwayar ba ta tsira sai ta ji ƙamshin wani sinadari da saiwar tsiro ke fitarwa. To, auduga da gyaɗa da waken soya suna fitar da irin wannan sinadari, amma ƙuduji ba ya iya kama saiwarsu. Sai ƙwayar ta tsira, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Hasali ma daga saiwar auduga aka fara tace sinadarin a 1966. Manomin Faskari da ke juya gonarsa tsakanin auduga da dawa, ko yake cusa gyaɗa a tsakanin kunya, bai san sunan sinadarin ba, amma yana cin moriyarsa. Malamin gonar da ke zaune a ƙauyen, wanda ubansa ma haka yake noma, ya san gonakin da ƙuduji ya ci da waɗanda ya ƙyale. Sai dai takardar da aka ba shi ya cike ba ta da gurbin wannan bayani, kuma babu wanda ya tambaye shi.

Haka abin yake har a wajen awo. Hanyar da aka fi yarda da ita wajen ƙiyasta amfanin gona ita ce a yanki ɗan fili a tsakiyar gona, a girbe, a auna, a ninka. Ana ganin wannan shi ne kimiyya, faɗar manomi kuwa zato ne kawai. Da aka zo aka gwada hanyoyin biyu a ƙasashen Afirka biyar, har da Nijar, aka buga sakamakon a 1988, sai aka tarar yankan fili yana ƙara gishiri da kusan kashi 30 cikin 100, ƙiyasin manomi kuwa ya fi kusa da abin da aka samu da aka girbe gonar duka. Dalilan ba su da wuyar ganewa: mai awo yakan kauce wa gurbin da tururuwa ko ƙuduji suka cinye, yakan shigar da tushen da ke kan iyaka, yakan tsince kowace zangarniya fiye da yadda mai gona zai yi. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar awo a rana ya san haka. Wanda bai sani ba shi ne wanda ke tattara alƙaluman a ofis mai sanyi.

Shekara hamsin ke nan da fara shirin Funtuwa, kuma abubuwa da yawa sun sauya. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ta kafa hukumarta ta raya aikin gona, KTARDA. An yi shirin Fadama kashi-kashi tun daga 1992. A watan Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane irin wannan shiri yana bukatar binciken farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, da rahoton muhalli, kuma kusan duk kamfanoni ake bai wa. Baturen da ke zaune a gidan gwamnati a Funtuwa ya tafi. Wanda ya maye gurbinsa sau da yawa ɗan Nijeriya ne mai digiri biyu. Amma tsanin yana nan yadda yake. Babban kamfani ya ci kwangila, ya yanka wa wani matsakaici a Abuja, shi kuma ya nemi wani ƙarami a Kaduna ko Katsina, wanda zai ɗauki yara aikin mako uku.

Ɗaliban ilmin halittu sun san wannan siffa tun daga aji ɗaya. Raymond Lindeman, a binciken da ya yi a wani ɗan tafki a Minnesota aka buga a 1942, shi ya share fagen abin da ake koyarwa yanzu, cewa a jerin ci-da-ciyarwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na kuzari ke ƙetarawa daga mataki zuwa na gaba: daga ciyawa zuwa fara, daga fara zuwa ƙadangare, daga ƙadangare zuwa shaho. A kamfanin ba da shawara jeri biyu ne ke tafiya, suna saɓa wa juna. Kuɗi na gangarowa daga sama yana raguwa a kowane mataki, har abin da zai isa hannun yarinyar da ke yawo a Sabuwa ya zama kuɗin mota da na abinci da ɗan abin da ba a rasa ba. Sani kuma yana hawa daga ƙasa yana raguwa: abin da ta gani da idonta ya koma lamba a kwamfuta, lambar ta koma jadawali, jadawalin ya koma jimla guda a shafin farko, wanda shi kaɗai kwamishina zai karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, wanda ya ce wa ɗalibi kada ya karɓi irin wannan aiki bai yi masa adalci ba. Waɗanda suka samu shiga cikin kamfanin sosai, ba aikin wucin gadi ba, sukan koyi abubuwan da jami'a ta kasa koya musu. Sukan koyi cika alkawarin lokaci. Ranar da aka ce a miƙa rahoto, ranar ce. Sukan koyi rubuta shafi ɗaya da mai mulki zai fahimta, da tsayawa gaban manya su yi bayani cikin minti goma, da sarrafa alƙaluma dubbai a kwamfuta. Albashi yana zuwa a kan kari. Yaron da ya yi zaman gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya gama digiri bai taɓa kunna wasu na'urorin da ya zana a jarrabawa ba, in ya shiga inda kome ke aiki, dole ya ji kamar an cire masa ƙaya. Cikin shekara biyu yana iya zaga jihohi goma, ya ga noman rani a Kadawa da zaizayar ƙasa a Gwambe. Wannan ilmi ne, kuma babu laifi a neme shi.

Abin da ba a faɗa masa a ranar ɗauka shi ne farashin. A irin waɗannan kamfanoni kowace sa'a sai an rubuta ta a takarda, an nuna wane mai kwangila za a caja. Ma'aikacin da sa'o'insa na caji suka yi ƙasa, ko da karatu yake yi don ya ƙware, ana ganinsa kamar saniyar da ba ta ba da nono. Akwai kuma ƙa'idar da McKinsey ya shahara da ita, wadda wasu da yawa suka kwaikwaya: ko ka hau mataki na gaba cikin 'yan shekaru, ko ka nemi wani wuri. Sakamakon haka shi ne aikin dare da na Asabar da Lahadi, ba don an tilasta a rubuce ba, sai don kowa na kallon na kusa da shi. Jiki kuwa ba ya karanta takardar kwangila. Idan fargaba ta daɗe, ƙullutun da ke bisa ƙoda yakan yi ta zubo sinadarin kotisol, hawan jini ya samu gindin zama, barci ya lalace, sukari ya hau. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda doguwar sa'ar aiki, kuma wanda ke yin sa'a 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar jikinsa ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada shi da mai yin sa'a 35 zuwa 40. A lokacin haɗa rahoto, sa'a 55 hutu ce a wasu ofisoshin.

Wannan ciwon na ma'aikacin ofis ne. Na ma'aikacin fili ya fi shi kaifi, musamman a ƙananan hukumomin nan uku da ke bakin dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ko harin Kadisau a ƙasar Faskari a watan Yunin wannan shekarar. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni. Babban ma'aikacin kamfani ba ya taka irin waɗannan wurare; dokar tsaro ta kamfaninsa ma ta hana shi, kuma tana da gaskiya. Wanda ake turawa shi ne ɗan yankin, a kan babur ɗin haya, da hujjar cewa shi ya san hanya. Sau da yawa ba shi da takardar ɗauka, balle inshora. Alhali Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. Yara nawa ne cikin masu yawo da kwamfutar hannu suka taɓa jin wannan doka?

Daga nan ne matsalar ta tashi daga ta haƙƙin ma'aikaci ta koma ta kimiyya. A ƙa'ida, ƙauyukan da za a bincika ana zaɓensu ne ta hanyar ƙuri'a, domin kowanne ya samu damar shiga, sakamakon ya wakilci ƙasar duka. To, a ce ƙuri'a ta faɗa kan wani ƙauye da ke can bakin daji, wanda rabin mutanensa sun yi gudun hijira, gonakinsa sun shekara uku ba a noma ba. Yaron da aka tura yana da zaɓi uku: ya je ya sai da ransa, ko ya ce ba zai je ba a hana shi kuɗin ranar, ko ya zauna a gindin wata bishiya a bakin titi ya cike takardar da ka. An sa wa kwamfutocin na'urar da ke nuna inda mutum yake tsaye don a toshe hanya ta uku. Sai kamfani ya ɓullo da ta huɗu, wadda ta fi kowacce sauƙi: a musanya ƙauyen da wani da ke kan kwalta. Musanyawa ba laifi ba ce in an faɗa. Laifin shi ne a yi shiru, rahoto ya fito yana cewa ga halin da manoman Faskari ke ciki, alhali halin manoman bakin titi ne, waɗanda suka fi kowa samun taki da kasuwa da kwanciyar hankali. Robert Chambers ya yi gargaɗi a kan wannan tun 1983, inda ya nuna yadda ƙwararru ke bin kwalta, suke zuwa da rani, suke ganawa da masu hali, su koma da hoton karkara da ya fi gaskiya kyau. A lokacinsa laka ce ke hana su shiga. Yanzu bindiga ce, kuma waɗanda suka ɓace daga rahoton su ne waɗanda aka ciwo bashin domin su.

Rahoton muhalli ma bai tsira ba. Bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekarar, sa'an nan ta yi Doka ta 86 ta 1992 wadda ta wajabta auna illar kowane babban aiki kafin a fara shi, ko madatsar ruwa ce, ko hanya, ko haƙar ma'adini irin farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna da ita. Bisa al'ada ana bukatar a ɗebi samfuri da damina da kuma rani, domin rafin da ya ƙafe a watan Maris shi ne ke cike da kwaɗi da kifi da tsuntsaye a watan Agusta, ciyayi da yawa kuma ba a gane su sai sun yi fure. Amma mai aikin shi ke biyan kamfanin da zai auna illar aikinsa, kuma yana sauri. Ƙaramin ma'aikacin da aka bai wa kwana huɗu ya lissafa tsirrai da dabbobin wani daji, aka kuma miƙa masa tsohon rahoton wani wuri a ce ya duba ya ga yadda ake yi, ya fahimci abin da ake nufi ba sai an fassara masa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu magana, ya yi masa aski. Wanda ya saba karanta irin waɗannan rahotanni yakan yi dariyar da ta fi kuka ciwo in ya ga an jera itatuwan kurmi a cikin dajin da babu kome sai ƙirya da kaɗanya da ɗorawa.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni ne kawai ke faɗawa wannan rami. A 2021 McKinsey ya amince ya biya dala miliyan 573 ga jihohin Amurka saboda shawarar da ya bai wa masu sayar da ƙwayoyin kashe zafi masu sa jaraba, a 2018 kuma ya mayar wa kamfanin lantarkin Afirka ta Kudu, Eskom, kuɗin da suka kai kimanin rand biliyan ɗaya. Waɗanda suka haɗa alƙaluman waɗannan ayyuka yara ne masu kaifin basira daga manyan jami'o'in duniya. Ba ilmi suka rasa ba. An ɗora su ne a kan tsarin da ke auna mutum da gamsuwar mai biya. A Bakolori kuwa, inda aka yi wa manoma awon gonaki da lissafin diyyar da ba su yarda da shi ba, maganar ta ƙare da zubar da jini a watan Afrilun 1980. Takardar da ƙaramin ma'aikaci ke cikewa a zaure tana iya zama ita ce za ta yanke wa iyali hukuncin gonarsu.

Jami'a ba ta da bakin yin wa'azi da yawa a nan, domin malamanta ma suna cikin sana'ar. Sau nawa ake karɓar takardar tarihin aikin wani farfesa a liƙa a neman kwangila, a ci, sa'an nan ɗalibansa su yi aikin, shi ya sa hannu? Albashin malami bai kai ya kawo ba, wannan gaskiya ne, kuma jami'o'i da kansu suna da sassan ba da shawara, kamar ABUCONS na Jami'ar Ahmadu Bello. Amma in malami ya sa hannu a kan jerin tsirran da bai gani ba, da wane ido zai kama ɗalibi da satar amsa? Abin da ya fi wannan muni shi ne, ana yaye ɗalibi ya san sunan kowane ƙashi a jikin kwaɗo, amma ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake karanta takardar kwangila ba, ko yadda zai rubuta wa shugabansa cikin ladabi cewa alƙaluman nan ba su nuna abin da ake so su nuna ba. Darasin sa'a biyu a zangon ƙarshe zai wadatar, kuma tsofaffin ɗaliban da suka yi aikin su ne suka fi cancanta su koyar da shi.

Ilmin halittu yana da wata tsohuwar al'ada da ta dace a ara. Duk wanda ya shiga ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a a Samaru, ya ɗaga kowace takarda, zai ga an rubuta sunan wanda ya tsinko ganyen, da ranar, da wurin, sau da yawa har da sunansa na Hausa. Saboda haka ne har yau ake amfana da aikin Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa aka buga a 1916: ana iya komawa a duba, a gyara inda ya yi kuskure. Rahoton kamfani kuwa tambarin kamfani kawai yake ɗauke da shi. Wadda ta ɗebo ruwan rijiyar ba ta da suna a ciki, don haka ba ta da abin nunawa in ta je neman digiri na biyu, ba ta kuma da abin kunya in lambar ƙarya ce. Gwamnatin jiha, wadda ita ce za ta biya bashin, tana da ikon sa sharaɗi a kowace kwangila cewa a rubuta sunayen ma'aikatan fili a bayan rahoto, a jera ƙauyukan da ƙuri'a ta zaɓa da waɗanda aka musanya da dalilin musanyawa, a kuma nuna shaidar inshorar duk wanda aka tura. Babu ɗayan waɗannan da zai ƙara wa kwangila kuɗin a-zo-a-gani.

Saura batun inda bayanan ke kwana. Alƙaluman da malaman gona suka tara a gundumomi biyar daga 1975 zuwa 1980, da na Fadama, da na duk binciken da ya biyo baya, da a ce suna wuri ɗaya, da ɗalibin da ke son sanin yadda ƙasar Ƙanƙara ta gaji cikin shekara hamsin, ko yadda tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016 ta sauya lokacin shuka a Sabuwa, yana da inda zai fara. A maimakon haka kowane sabon kamfani sai ya sake aiko yara su tambayi magidanci buhu nawa ya samu bara, shi kuma ya gaji da amsawa har ya koyi faɗin abin da ake so a ji. Jihar tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, ga kuma cibiyar Samaru da ba ta da nisa da Funtuwa. Kowace daga cikinsu tana iya karɓar kwafin ɗanyen bayanai, bayan an goge sunayen magidanta, tare da ragowar samfurin ƙasa da busassun ganyen da aka tsinko, kafin a biya kamfani kason ƙarshe na kuɗinsa.